Yadda na ƙaura da babur ɗina daga Delhi zuwa Hyderabad a jirgin ƙasa

Duk ɗalibin da ya yi wata shida a Indiya ya san cewa bayan ɗaki da layin waya, abin da ya fi buƙata shi ne ƙaramin babur ɗin nan marar giya da 'yan ƙasar ke kira sukuti. Yana kama da Vespa ɗin da iyayenmu malaman makaranta suka hau a da, da kuma roba-robar da ta cika titunan Kano da Maraɗi. Bambancinsa shi ne ba a taka masa giya, murɗawa kawai ake yi ya tafi. Honda Activa, wanda ya shigo kasuwa a 2001, shi ne ya fi yawa a titi, sai TVS Jupiter da Suzuki Access. Da shi ake zuwa aji, da shi ake zuwa kasuwar naman halal da ke can wata unguwa, shi ne kuma ke raba mutum da cinikin kullum da masu a-daidaita-sahu, waɗanda da zarar sun ga baƙar fata sai kuɗi ya ninka.

Ranar da mutum zai bar garin ne babur ɗin ke zama abin tunani. Wani ya gama digirin farko a Punjab ya samu gurbin na biyu a Bangalore, wata ta samu horon asibiti a Chennai, wani kuma iyalinsa sun iso yana neman gari mai sauƙin haya. Akwati da katifa da tukwane duk suna da yadda ake yi da su. Babur mai nauyin kilo ɗari da 'yan kai, mai lamba da takardu da haraji a kansa, shi ne ke tsaya wa mutum a wuya.

Na yi irin wannan ƙaura. Bayan na kammala digiri na biyu a fannin haɗa magunguna a wata jami'a da ke Greater Noida, a gefen Delhi, na samu gurbin digiri na uku a Hyderabad, babban birnin jihar Telangana. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 1,550 ne ta mota, kusan 1,670 ta jirgin ƙasa. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, to ka ƙara rabinsa a kai. A gida da tasha zan je, in samu ɗan kamasho, a yi ciniki, a cusa babur a bayan tirela, in karɓi lambar direba, shi ke nan. A Indiya kowace jiha tana da lambarta da harajinta, kuma kafin kowa ya taɓa babur ɗinka sai ya duba sunan da ke kan takardarsa. Abin da na gani a wannan tafiya shi ne takarda ce ke yanke hukuncin ko babur zai bi ka ko za ka bar shi a baya.

A ɗauka ko a sayar?

Wannan lissafi ake fara yi, kuma da biro da takarda ake yin sa. A gefe ɗaya ka rubuta kuɗin dako, da kuɗin naɗe babur, da ladan 'yan dako a tashoshi biyu, da ɗan gyaran da ba a rasawa bayan tafiya, sannan harajin hanya na sabuwar jiha idan za ka daɗe. A ɗaya gefen ka rubuta asarar da za ka yi idan ka sayar cikin gaggawa, da abin da za ka biya ka sayi wani a garin da ba ka san kowa ba. A watannin Mayu da Yuni ɗalibai ke gama jarrabawa, kowa na neman rabuwa da nasa a lokaci guda, dillalai kuma sun san ranar tafiyarka ta matso. Farashin da za su yi maka na wanda ya ƙagu ne.

Wanda zai yi ƙasa da shekara a sabon gari, ɗauka ta fi masa, domin ba sai ya canza lamba ba. Wanda babur ɗinsa ya tsufa kuma zai daɗe, sayarwa ta fi masa, tunda rajistar abin hawa na kashin kai shekara 15 take yi kafin a sabunta ta, kuma ba hikima ba ce a biya sabon haraji a kan abin da ya kusa ƙarewa. Nawa shekararsa uku, na san duk wanda ya taɓa injinsa, digiri na uku kuma a ƙa'idar Indiya ba ya gaza shekara uku. Akwai wani dalili da ba ya shiga lissafin kuɗi. Mace da ke fitowa daga ɗakin gwaji ƙarfe tara na dare a baƙon gari ta san darajar ta tayar da abin hawanta ta tafi, maimakon ta tsaya bakin titi tana jiran wanda zai ɗauke ta. Ban so in yi ko mako biyu a Hyderabad babu shi ba.

Sunan wa ke kan kati?

Kowane abin hawa a Indiya yana da katin rajista da ake kira RC, wanda ke ɗauke da sunan mai shi da lambar inji da lambar jiki. Yawancin baburan da ke yawo a hannun ɗalibanmu na hannu ne, kuma da yawa ba a taɓa sauya sunan da ke kan katinsu ba. Mai gama karatu ya miƙa wa sabon zuwa makulli da kati, a ba shi kuɗi, a yi musabaha. Muddin kana zagaye tsakanin makaranta da gida, zai yi wuya wani ya tambaye ka.

Wani ɗan'uwanmu ɗan Zariya ya hau irin wannan babur shekara uku lafiya lau. Ya saya ne a hannun wani ɗalibi ɗan gabashin Afirka da ya koma ƙasarsu, shi kuma ya saya a hannun wani Ba'indiye, kuma sunan Ba'indiyen ne a kati. Da zai koma Pune ya je ɗora shi a jirgi, sai aka ce ya kawo wasiƙar izini daga mai sunan da kwafin katin shaidarsa. Ya bi adireshin da ke kan katin, ya tarar mutumin ya tashi tun shekaru. Saura kwana huɗu tafiyarsa, dole ya sayar wa dillali a farashin da bai kai rabin abin da ya saya ba.

Ni abin da ya cece ni shi ne wata yayarmu 'yar Damagaram da ta riga ni zuwa da shekara biyu. Ranar da zan saya ta ce da ni: "Ƙanwata, kada ki ba shi cikon kuɗin nan sai ya sa hannu a fom, kun je ofis tare. Yau ne yake nemanki, gobe ke za ki neme shi." Fom ɗin da take nufi su ne na 29 da na 30, waɗanda ake kaiwa ofishin sufuri na yanki, wato RTO, don a mayar da mallaka. Dokar ababen hawa ta 1988 ta ba mai sayarwa kwana 14 ya sanar da hukuma idan a jiha ɗaya suke da mai saye, shi kuma mai saye kwana 30. Baƙo yana haɗawa da fasfo da biza, da takardar rajistarsa ta ofishin kula da baƙi na FRRO, da wasiƙar makaranta, da yarjejeniyar haya. Aikin ya ci mini 'yan makonni a lokacin. Bayan shekara biyu, shi ya sa na shiga tasha da kati mai sunana.

Kafin tafiya akwai wasu takardu uku da ake dubawa. Ta farko inshora, wadda rashinta tarar rufi 2,000 ce a karon farko tun gyaran dokar da aka yi a 2019. Ta biyu takardar gwajin hayaƙi, PUC, wadda ake yi cikin 'yan mintuna a rumfunan da ke gidajen mai. Ta uku kuma ita ce mafi muhimmanci ga mai daɗewa: takardar sallama daga RTO ɗin da ya yi wa babur rajista, wadda ake kira NOC, ana nemanta da fom na 28. Ita ke shaida cewa babu bashin haraji ko tara a kan babur, kuma ba a kai rahoton satarsa ba. Akan buƙaci a ɗora farar takarda a kan lambar jikin babur a goga fensir har lambar ta fito, a liƙa a fom ɗin. Duk tarar da kyamarar titi ta rubuta maka ba ka sani ba, a nan take fitowa, don haka ka duba a shafin intanet na ma'aikatar sufuri ka biya tun da wuri. Doka ta ba ofishin kwana 30 ya amsa. Ka fara nema wata guda da rabi kafin tafiya, domin dawowa daga nisan kilomita 1,500 saboda sa hannu ɗaya ya fi kuɗin dakon tsada.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce mutum ya hau abinsa ya tafi. Samari na son wannan, kuma babbar hanya ta 44, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar, tana bi ta Agra da Gwalior da Nagpur har Hyderabad. Sai dai Activa injin cc 110 ne mai shan iska, ƙafafunsa ƙanana, tankinsa bai wuce lita biyar da ɗan ɗori ba. An yi shi ne don zirga-zirgar cikin gari. Tafiyar za ta ci kwana huɗu ko biyar tsakanin manyan motoci, a watan Mayu kuma zafin Nagpur kan haura digiri 45. Wasu manyan titunan gudu, kamar na Mumbai zuwa Pune, an hana masu ƙafa biyu hawansu baki ɗaya. Ga kuma batun kwana: duk otal ɗin da ya sauki baƙo ɗan wata ƙasa sai ya cike fom ya sanar da hukuma, shi ya sa ƙananan masaukai da yawa na bakin hanya ke cewa babu ɗaki da zarar sun ga fasfo. Idan ka haɗa mai da abinci da masauki, ba ka rage komai ba, ka kuma saka ranka a hanya.

Ta biyu ita ce kamfanonin dakon kaya, masu zuwa ƙofar gida su ɗauka su kai ƙofar gida. Sun fi sauƙi, sun fi tsada, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, domin babbar mota ba ta tashi sai ta cika. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma 'yan damfara masu aron sunan manyan kamfanoni. Wata ƙawata ta samu wasu a intanet suka yi mata farashi mai rahusa, suka ɗauki babur. Bayan kwana tara aka kira ta aka ce kaya na sito, sai ta biya wasu kuɗaɗe na haraji da ajiya da suka ninka farashin farko kafin ta gan shi. Ba ta da komai a hannu sai saƙonnin WhatsApp, dole ta biya. Mai bin wannan hanya ya je ofishinsu da ƙafarsa, ya sa a rubuta masa jimillar kuɗi a takarda mai lambar harajin kamfanin, ya karɓi takardar dako da suke kira bilti mai ɗauke da lambar motar, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai kaya sun iso.

Ta uku ita ce jirgin ƙasa, kuma ita na bi. Hukumar jiragen ƙasa ta Indiya tana ɗaukar babur ta fuska biyu. Idan kana da tikiti a jirgin, ana rubuta shi a matsayin kayan fasinja, a saka shi a taragon kaya da ke goshi ko wutsiyar jirgin, ku isa tare. Idan ba za ka bi jirgin ba, ana rubuta shi a matsayin saƙo, ya jira sai an samu wuri a wani jirgin da ke zuwa can, wanda ka iya ɗaukar kwanaki. Ana lissafin kuɗin ne da nisa da kuma nauyin da aka ƙayyade bisa girman inji. Babur irin nawa, duk da bai wuce kilo 110 ba, a kan kilo 200 ake cajinsa. Duk da haka jimillar abin da na kashe, har da naɗi da 'yan dako, ba ta kai rabin abin da kamfanin mota ya nema ba.

Wata dabara da masu naɗin kaya suka koya mini ita ce a zaɓi jirgin da ke tasowa daga tasharka kuma yake ƙare tafiyarsa a inda za ka. A tashar tsakiya jirgi kan tsaya 'yan mintuna ne kawai, idan kuma an danne babur da wasu kaya, kafin a tono shi jirgi ya ja. Shi ya sa na ɗauki Telangana Express, wanda ke tashi daga tashar New Delhi ya ƙare a tashar Hyderabad Deccan da ke Nampally, tafiyar awa 25 zuwa 26. Ban rubuta Secunderabad ba duk da ita ma cikin birnin take, domin tashar wucewa ce ga wannan jirgi.

Ranar lodi

Na je ofishin kaya na tashar kwana ɗaya kafin tafiya don in ga wurin in ji abin da ake buƙata. Washegari na hau babur daga Greater Noida da sassafe, da mai kaɗan a tanki, daidai wanda zai kai ni. Jirgin na yamma ne, amma aikin yana cin awanni.

Hukumar jirgi ba ta naɗe wa kowa kaya. Masu naɗi 'yan kasuwa ne da ke zaune a bakin ofishin da tsofaffin buhuna da kwali da soso da busasshiyar ciyawa, kuma ciniki ake yi da su kafin su fara. Wanda ya yi mini dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya zagaya babur ɗin sau ɗaya ya ce: "Didi, ki kwance madubai ki saka a jakarki. Su ne ke fara karyewa." Didi a bakinsu kamar a ce yaya ne. Na ce: "Bhaiya, gaban nan da fitila nake so ka ninka wa soso." Ya ce kuɗin soso daban ne, muka daidaita.

Kafin naɗi sai an zuƙe mai tas. Wannan ba abin wasa ba ne a wurinsu: sashe na 164 na dokar jiragen ƙasa ta 1989 ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara uku, ko tarar rufi 1,000, ko duka biyun, ga wanda ya shigar da abu mai kama wuta cikin jirgi. Dattijon ya zura siririn tiyo ya tsotse abin da ya rage cikin gora, na bar masa, tunda ba a shiga jirgi da shi. Tsofaffin babura masu kafireto akan tayar da su su yi ta aiki har su mutu da kansu. Waɗanda aka ƙera daga Afrilun 2020, lokacin da sabuwar ƙa'idar hayaƙi ta fara aiki, famfon mai na lantarki gare su a cikin tanki, kuma ba ya son a yi ta kunna shi a bushe. Jami'in tsaron tasha ya zo ya buɗe tankin, ya girgiza babur ya saurara, sannan ya ba da izinin naɗewa.

Na kwashe komai daga ƙarƙashin kujera, har da hular kwano da 'yan sifanu. Na ɗauki hoton kowane gefe da na mitar tafiya. Makulli da takardu na asali suka zauna a jakata, ofis kuma na ba su kwafi bayan sun duba na asalin. Ba a kulle kan babur, domin 'yan dako tura shi suke yi, idan kuma suka tarar a kulle jan sa za su yi a ƙasa. A fom ɗin ana rubuta lambar babur, da ta inji, da ta jiki, da tashar tashi da ta sauka, da kuma darajarsa a kuɗi. Wasu kan rage darajar don su rage ɗan kason da ake biya a kanta. Doka kuwa ta taƙaita diyyar da hukuma za ta biya idan kaya suka ɓace ko suka lalace, kuma abin da ka rubuta da hannunka shi za a duba. Na rubuta gaskiyar kuɗinsa.

Bayan na biya aka ba ni rasit, magatakarda ya rubuta lambarsa da baƙin fenti a jikin buhun, ni ma na ƙara sunana da lambar wayata da sunan tashoshin biyu. Wannan rasit shi ne babur ɗin har sai an isa. Wanda ya yar da shi sai ya kawo takardar rantsuwa mai hatimi kafin a ba shi kayansa.

Da jirgi ya shigo na bi 'yan dako har bakin taragon kaya. Akwai buhunan tufafi da kwalaye da wasu babura biyu. Na ba su ɗan na shayi, na roƙi su kafa shi a kan jak ɗin tsakiya, a jikin bango, kada su ɗora masa komai. Na tsaya har aka rufe ƙofa aka sa hatimi, na rubuta lambar taragon, sannan na ruga neman kujerata, wadda ke can nesa, domin jirgin ya haura tarago ashirin.

Saukewa

Mun bi ta Agra da Jhansi da Bhopal cikin dare, gari ya waye mana a wajen Nagpur, muka shiga Hyderabad washegari da yamma. Mai yin wannan tafiya a Disamba ko Janairu ya ƙara wa lissafinsa awanni, saboda hazon sanyi na arewacin Indiya kan jinkirta jirage sosai.

Ina sauka na nufi taragon kaya na ga an fito da shi. Ba a miƙa wa mutum kaya a bakin jirgi. Sai an tura shi ofishin kaya, ka nuna rasit da fasfo, a ba ka takardar fita da za ka nuna a ƙofa. Idan aka wuce 'yan awannin da aka ware ba ka ɗauka ba, kuɗin ajiya ya fara hawa awa-awa. Na taho da reza a jaka, na yanke igiyoyin a gaban magatakarda na duba kafin in sa hannu, domin duk ɓarnar da ba a rubuta ta a littafinsu a lokacin ba, babu mai sauraronta daga baya. Abin da na samu ɗan ƙarzo ne a murfin gefe, wanda bai kai a yi magana a kai ba.

Sauran aiki shi ne mai. Gidajen mai da yawa ba sa sayarwa a gora saboda an hana su, don haka turawa ake yi. Wani ƙanenmu ɗan Gombe da ke karatu a Jami'ar Osmania ya zo tarbata, shi ya tura shi har gidan mai mafi kusa yana cewa, "Anti, wannan ai ya fi buhun masara nauyi." Muka zuba mai, na murɗa makulli na kashe sau uku don famfo ya jawo, na danna ya tashi. Na ɗaura madubai, muka kama hanyar Tolichowki, unguwar da ɗaliban Afirka da Larabawa suka fi zama.

Wata goma sha biyu

Isowa ba ta gama aikin ba. Lambata ta Uttar Pradesh ce, mai farawa da UP16, a garin da lambobinsa ke farawa da TS, ko TG ga waɗanda aka yi wa rajista daga 2024. Baƙuwar lamba da baƙuwar fuska a kan babur ɗaya suna jawo idon ɗan sandan hanya, kuma tambayarsa ta farko ita ce tun yaushe babur ya shigo jihar. Sashe na 47 na dokar 1988 ya ce abin hawan da ya wuce wata 12 a wata jiha sai an yi masa lambar can. Rasit ɗin jirgi mai ɗauke da kwanan wata shi ne hujjar ranar shigowa, don haka na yi masa kwafi na ajiye a ƙarƙashin kujera tare da inshora da PUC.

Harajin hanya kuwa dokar jiha ce, kuma wasu jihohin na neman nasu tun kafin shekarar ta cika, shi ya sa ya kamata mutum ya je RTO a watansa na farko. Dama dokar ta ba da kwana 30 a sanar da canjin adireshi. Ana kai NOC da fom na 27 na neman sabuwar lamba da na 33 na sauya adireshi, a biya haraji gwargwadon kuɗin babur da shekarunsa. Wanda ya biya yana da damar neman tsohuwar jiha ta mayar masa da ragowar abin da aka biya mata, sai dai aiki ne mai jan lokaci. A 2021 gwamnatin tarayya ta fito da lamba mai harufan BH wadda ke yawo ko'ina ba tare da sauyi ba, amma ta ma'aikatan gwamnati ce da na kamfanonin da ke da ofisoshi a jihohi huɗu ko fiye. Ɗalibi ba ya ciki.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan takardar zama. RTO zai nemi shaidar adireshin Hyderabad, ga baƙo kuwa shaidar ita ce rajistar FRRO. Mai sauya makaranta yana buƙatar izinin wannan ofishi, sannan ya sabunta adireshinsa a shafinsu na intanet da sabuwar yarjejeniyar haya. Sai wannan ta fito ake zuwa RTO, sai sabuwar lamba ta fito ake sanar da kamfanin inshora. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, komawa zai yi ya fara daga can.

Ga mai niyyar sayarwa

Wanda lissafinsa ya nuna masa sayarwa, shi ma takarda ce ke gabansa. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci cewa mutumin da sunansa ke cikin rajista shi ne mai abin hawa a idon doka wajen biyan diyyar hatsari, ko da ya sayar ya karɓi kuɗinsa. Ma'ana, idan ka miƙa makulli ka tafi Bangalore da sunanka a kati, sabon mai shi ya buge wani a Noida, kai za a nema. Tarar kyamara ma ga sunanka za ta riƙa zuwa. Shi kuma ƙanen da ka sayar wa, ka bar masa irin matsalar da ɗan Zariyan nan ya tarar, wadda ba zai gane ba sai ranar tasa ƙaurar.

Saboda haka mai sayarwa ya fara cigiya wata biyu kafin tafiya, ya sa hannu a fom na 29 da na 30, ya ba da kwafin fasfonsa, su je RTO tare, ya riƙe shaidar an karɓi takardu. Ƙungiyoyin ɗalibanmu a Noida da Punjab da Hyderabad da Bangalore za su iya mayar da wannan ƙa'ida a zaurukansu na WhatsApp: duk mai tallar babur ya faɗi sunan da ke kan kati tun a saƙon farko. Sababbin ɗalibai na isowa a watan Agusta, kuma yawancinsu a makonninsu na farko suke sayen babur.